Sauran Rana a Kicin ɗin Hajjo

Rana tana shiga kicin ɗin Hajjo da ƙarfe sha biyu saura kwata, ta fita sha biyu da minti ashirin da biyar. In ta ga damar fitowa ke nan, domin ranar Landan a watan Disamba ba ta san alƙawari ba. Duk da haka tun sha ɗaya da rabi Hajjo take jawo kujerarta gaban taga, ta ɗage zani zuwa gwiwa, ta zauna jira. Shekararta sittin da tara, gwiwoyinta kuwa sun fi ta tsufa. Likita ya ba ta ƙwayoyi tana sha, amma ita dai ta san abin da yake sakar mata jijiya, minti arba'in ɗin nan ne. Su ne kuma kaɗai lokacin da gidan yake daina yi mata girma.

Gidan yana hawa na huɗu a wani tsohon ginin council, wato ƙaramar hukuma, a unguwar Deptford. Lokacin da suka tare ita da maigidanta, Malam Abdul-Jalil, direban bas, babu abin da ke gaban tagar kicin sai rufin ƙananan gidaje da sarari. Ko a tsakiyar sanyi rana takan shigo tun tara da rabi, ta yi zamanta har bayan ƙarfe biyu. Hajjo takan sayo kuɓewa a kasuwar babban titi, ta yanka, ta baza a faranti a bakin taga, ta bushe ƙayau kamar a tsakar gidansu na Rano. Daga baya aka fara gini. Dogo ɗaya ya tashi daga gabas, bayan shekara uku wani ya tashi kusa da shi, sannan wani daga yamma, har suka zama shida. Yanzu rana ba ta da hanya sai wani ɗan tsakani a tsakanin biyu daga cikinsu, saman wani tsohon gareji da ake gyaran taya.

Kafin kowane gini sai an aiko wani matashi da katin aiki a wuya da takarda a hannu, ya zo jin ra'ayin mazauna. Malam yakan shigar da shi falo, Hajjo ta kawo shayi da cincin. Idan yaron ya tambaya ko suna da wata damuwa game da ginin, sai Malam ya yi murmushi ya ce masa da Turanci babu komai, an gode Allah. Bayan ya raka shi har bakin matakala, sai ya dawo ya ce, "Hajjo, mu baƙi ne a ƙasar nan. Kuma mutum ya tako har gidanka, ya sha shayinka, sai ka sallame shi da ƙorafi?"

Shekara talatin yana tuƙa musu bas cikin ruwa da sanyi, amma har ya koma ga Allah baƙo yake kiran kansa. Ya rasu bayan gini na biyar. Da aka aiko yaron gini na shida, Hajjo ita kaɗai ta tarbe shi, ta dafa shayi, ta ce babu komai, an gode Allah. Ta ji daɗin kanta ranar, don a ganinta ta riƙe wa Malam hanyarsa.

'Yarta ɗaya, Zarah, tana Birmingham da mijinta da yara. Takan bugo waya ranar Lahadi, Hajjo ta yi Hausa, ita ta mayar da Turanci, zancen kuma bai wuce ɗaya ba: ki tattara ki dawo wajenmu. Hajjo takan ce to, za ta duba. Maƙwabtan da suka saba da su sun watse, wasu sun koma gida, wasu an kai su makwanci. Akwai satin da za ta yi cur ba ta yi magana da kowa ba sai mai kifi a kasuwa.

Da ta ga sabuwar takarda a ɗaure jikin falwayar fitila, mai cewa za a rushe garejin a yi gini hawa goma sha tara, ta karanta sau biyu da ɗan Turancinta, ta ce Allah Ya kyauta, ta wuce. Washegari ta sayo fulawa ta soya cincin, don ta san baƙo yana tafe.

Ranar Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Salamu alaikum. Sannu da gida, Mama."

Hajjo ta tsaya da mariƙin ƙofa a hannu, tana mamakin jin Hausa. Budurwa ce doguwa, da mayafi a ƙarƙashin hular sanyi, da katin aiki a wuya kamar sauran. Ta ce sunanta Zinatu, daga Zariya, tana aiki a sashen kula da muhalli na council, kuma da ta ga sunan mai gidan a takarda ta ce ita za ta zo da kanta.

"Ikon Allah! Shigo, 'yar nan, shigo. Ina mutanen gida? Ina su Mama?"

Wannan baƙuwar ba ta falo ba ce, kuma cincin ya yi mata kaɗan. Kicin Hajjo ta kai ta, ta ɗumama miyar kuka, ta ajiye mata malmalar tuwo, ta tsaya a kanta har sai da ta wanke hannu. Zinatu ta ci kamar wadda ta daɗe ba ta ga tuwon hannun uwa ba, kuma haka ɗin ne. Sai da ta yi rabi ta jawo takardarta, ta yi tambayar da aka aiko ta yi.

"Ba komai, 'yar nan," in ji Hajjo. "Alhamdu lillahi."

Zinatu ta ajiye biro, ba ta rubuta ba.

"Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na karanta file ɗin gidan nan duka. Sau shida ana zuwa, sau shida ana rubuta cewa masu gida ba su da damuwa. In na rubuta na bakwai, daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana ba za ta ƙara shigowa ɗakin nan ba. Ko minti ɗaya."

Hajjo ba ta nuna komai a fuska ba. Ta ce, "To ai su ma suna da ido. Ba sa awo ne?"

"Suna yi, kuma ba ƙarya suke rubutawa ba." Zinatu ta jawo farantin tuwon tsakaninsu. "Ƙa'idar ita ce, in gini bai rage miki kashi ɗaya cikin biyar na hasken da kike samu ba, ana ɗauka ba za ki ma lura ba." Ta gutsuri ɗan kaɗan a gefen malmalar ta ajiye. "Gini na farko ya ɗauki wannan. Da na biyu ya zo, ba da malmalar farko ya auna ba, da abin da ya tarar ya auna." Ta sake gutsura, ta sake, ta sake. "Kowa kaɗan ya ɗauka, kowa ya ci jarrabawa. Ba wanda aka sa ya tara su."

Hajjo ta dubi ɗan abin da ya rage a farantin, bai fi loma biyu ba.

"Sannan kuma," in ji Zinatu, "kitchen ba a ba shi muhimmanci kamar falo. Suna ɗauka a falo ake zama."

"Falon nan? Tun rasuwar Malam ban zauna cikinsa ba sai in an yi baƙo."

Suna cikin haka rana ta ɓullo ta tsakanin dogayen ginin, ta faɗo kan tebur, ta hau bangon da ke gefen firji. Hajjo ta so ta jawo kujerarta, kunyar baƙuwa ta hana ta. Zinatu kuwa bangon ta zuba wa ido. Daga tsayin kafaɗa zuwa ƙugu cike yake da gajerun layukan fensir, kowane da ƙananan rubutu a gefensa, ƙanana ƙwarai kamar sawun tururuwa.

"Mama, wannan fa?"

"Aikin Malam ne. Mahaifinsa da inuwa yake gane lokacin salla, shi ma ya taso da abin. Duk Disamba sai ya ja layi inda rana ta kai da azahar, ya rubuta lokacin shigarta da na fitarta. Sau biyu council suna zuwa fenti ina hana su taɓa wajen."

Zinatu ta miƙe tsaye har cokali ya faɗi. Ta ce shekara biyu tana neman wani abu da zai nuna yadda hasken unguwar yake kafin ginin farko, ba ta samu ba, ashe yana nan kusa da firji. Ta nemi izini ta ɗauki hoto, ta buɗe shi a waya ta ƙara masa girma, sai ta yi turus. Da ajami aka yi rubutun, ita kuwa ajaminta na makarantar allo ya daɗe da gudu.

Hajjo ta karɓi wayar ta sa tabarau. Ita ajami ya fi mata boko sauƙi, idonta ne dai ya daɗe da gaza ƙananan rubutu, kuma tun can ba ta taɓa matsawa ta duba ba, tana zaton lokuta ne kawai. Ga hannun Malam nan ya cika fuskar wayar, da irin lanƙwasar da yake yi wa harafin ƙarshe. Ta fara karantawa a fili.

"Ta shigo tara da rabi, ta fita biyu da kwata. Hajjo ta shanya kuɓewa."

Ta yi dariya, ta ja hoton ƙasa da yatsa.

"Gini na biyu. Kuɓewa ta yi funfuna, Hajjo ta zubar."

"Yau Hajjo ta ja kujera sau uku tana bin rana. Na yi kamar ban gani ba."

Ta ƙara jan hoton ƙasa.

"Yaron council ya zo. Na ce masa ba komai. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini."

Layi na ƙarshe shi ne na Disambar da ya yi kafin rasuwarsa, fensirin bai kama bango sosai ba. Wannan a zuci ta karanta shi, sannan ta miƙa wa Zinatu wayarta. Abin da ya rubuta shi ne: "Gwiwarta ta matsa mata. In aka sake zuwa zan faɗa."

An kuwa sake zuwa, bayan ya rasu da wata takwas, ita kuma ta dafa shayi ta ce ba komai.

Kafin Zinatu ta tafi ta bayyana mata yadda abin yake. Nan da sati uku kwamitin da ke ba da izinin gini zai zauna. Ita za ta sa hotunan a rahotonta in Hajjo ta yarda, amma hoto ba zai yi magana ba matuƙar takarda tana cewa mai gida ba ta da damuwa. Sai Hajjo ta je da kanta, za a ba ta minti uku. Hajjo ta ce za ta yi shawara. Sai da ta rufe ƙofa ta tuna ba ta da wanda za ta yi shawarar da shi.

Ranar ba ta ci abinci ba. Haushin Malam ta ji, haushi na gaske, irin wanda ba ta taɓa yarda ta ji ba yana raye. Mutum ya zauna da kai shekara arba'in, ya ga abin da ke damunka, ya rasa wanda zai faɗa wa sai bango! Ta tsaya gaban layukan ta yi masa faɗa a fili kamar yana zaune, har ta ce masa matsoraci, sannan ta yi istigfari, ta zauna ta yi kukan da ya fi na ranar jana'iza. Ita ma ai ba ta taɓa ce masa rashin ranar yana damunta ba. Kowa ya yi ta yi wa ɗan'uwansa kara, gine-gine suna tashi.

Ranar Lahadi ta gaya wa Zarah. Zarah ta ce, "Mummy, it won't change anything," ta koma zancenta na kullum. Hajjo ta ce to, ta ajiye waya, ta ciro atamfarta mai ruwan goro ta goge.

An yi zaman bayan magariba a wani zaure mai haske da yawa. 'Yan kwamiti tara ne a bayan dogon tebur. Wakilin masu ginin, wani mai ladabi da ake kira Bernard, ya fara magana, ya nuna zane-zane, ya ce gidaje ɗari da arba'in za a samu, mutane kuwa suna buƙatar wurin kwana, kuma hasken da ginin zai rage bai kai abin da ƙa'ida ta hana ba. Hajjo ta saurare shi, ba ta ji ƙarya ko ɗaya a bakinsa ba, abin da ya ƙara kashe mata jiki ke nan.

Da aka kira sunanta ta tafi a hankali ta zauna gaban makirufo. Akwai 'yar fitilar auna lokaci a kan teburin, kore. Sai tarbiyya ta riga ta. Ta gaida shugabar kwamiti, ta gaida na dama da na hagu, ta tambayi iyalansu, ta gode wa council da ya ba su gida shekara kusan talatin, ta gode wa Bernard da ya yi bayani mai kyau. Wani a bayanta ya yi 'yar dariya. Tana ɗaga ido ta ga fitilar ta koma ruwan ɗorawa, ta hango Zinatu a gefen zaure ta dafe kai da hannu biyu.

Kalmar da ta saba, ba komai, tana nan a kan harshenta, kaɗan ya rage ta fito. Hajjo ta haɗiye ta. Ta buɗe takardar da ta kwafo lokutan Malam a ciki, ta karanta da Turancinta na kasuwa, wanda bai damu da ƙa'ida ba. Awa huɗu da minti arba'in da biyar. Awa huɗu. Awa uku da 'yan mintoci. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta sauka a kan minti arba'in na yanzu, wanda ita ta ƙara.

Ta ce, "Kowa ya zo ya ɗauki kaɗan, ya ce kaɗan ne, kuma gaskiya ya faɗa. Mu ne muka yi ƙarya. Takardunku shida da suka ce ba mu da damuwa, biyar mijina ne, ɗaya ni ce. Kun sha shayinmu, muka ji kunyarku. Ina da damuwa. A kicin nake zaune, ni kaɗai, kuma wannan ranar ita ce take shigowa wajena."

Fitilar ta yi ja. Ta ce ta gode, ta tashi. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi dariya kuma. Shugabar ta tambayi Bernard ko an auna gine-ginen bakwai a haɗe, ya ce ba a nemi haka daga gare su ba. Aka ɗage zaman, aka ce a je a auno.

Ta hau bas ɗin komawa gida. Ji take kamar ta fita kasuwa babu mayafi.

Sai a watan Afrilu Zinatu ta zo da labari, ta ƙi zama har sai da ta faɗe shi. An ba da izinin ginin, amma an sa su zaftare hawa shida a kafaɗarsa ta yamma. Hotunan bangon kuma sun shiga file ɗin unguwar, an ce duk mai son gini nan gaba za a duba su, ko da yake ita ba ta yi rantsuwa a kan haka ba.

"Nawa ya rage mini?" in ji Hajjo.

"Minti goma sha takwas, Mama. Wallahi iyakar abin da na iya ke nan."

"Allah Ya yi miki albarka. Zauna ki ci tuwo."

Bayan wata biyar aka mayar da Zinatu wani aiki a arewacin ƙasar. Takan aiko da gaisuwa ranar Juma'a, wani satin ta manta. Aka rushe garejin, aka kafa ƙarafa, Hajjo tana kallo ta taga ginin yana cin tsakanin nan hawa bayan hawa. Zarah ba ta fasa zancenta ba, Hajjo ba ta fasa cewa za ta duba ba.

A Disamba ta biyu ginin ya kai inda zai kai. Kwana tara a jere gari a rufe, ranar ta goma ya washe. Hajjo ta jawo kujera tun sha ɗaya da rabi kamar yadda ta saba, ta ajiye agogon Malam a cinya. Sha biyu saura kwata ta wuce, ba komai. Sai sha biyu da minti biyar rana ta leƙo ta kan kafaɗar da aka zaftare, siririya, ta sauka a gwiwarta ta hagu. Ta dama sai da ta juya kujera.

Ba ta bari ta ƙare a zaune ba. Ta tashi ta buɗe gwangwanin da Malam yake ajiye tarkacensa, ta sami guntun fensirin, ta feƙe shi da wuƙar albasa. Ta ja layi inda hasken ya tsaya a bango, can ƙasa da layinsa na ƙarshe, sai da ta durƙusa. Ta jira har hasken ya janye, ta duba agogo. Minti goma sha bakwai ne, ba sha takwas ba, ta rubuta yadda ta gani. Sannan a gefe, da nata ajamin mai manyan baƙaƙe, ta ƙara: "Malam, an sake zuwa. Na faɗa."

Ta dafa firji ta miƙe, ta mayar da kujera wurinta, ta ɗora ruwan shayi, ta ciro kofi ɗaya.